Ɗana Ba Ƙyalle Ba Ne

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Injiniya da yara duka. Ina fata ciwon bayan nan ya ɗan sake ki. Ni lafiyata ƙalau, sai ƙafa da ke kumbura saboda tsayuwa, wannan kuwa duk mu masu aiki a gidan kula da tsofaffin nan muna fama da shi.

Tunda kin rantse ba za ki ƙara ɗaga wayata ba, ga takarda. Ita dai ba ta da wurin da za ki danna ki katse ni.

Kunnena bai yi mini ƙarya ba. Muna cikin magana ranar nan na ji Autarki a bayanki tana ihu, “Mama, Ƙyalle ya farka!” Na tambaye ki wane ne Ƙyalle, kika yi dariya. Na sake tambaya, kika ce in bar zancen. Sai da na ji kukan da na sani, kukan da na bari a ɗakinki yana ɗan wata biyar, sannan na gane da ɗana ake. Na ɗaga murya, ban musa ba. Ke kuma kika kashe waya.

Ƙyalle, Yaya? Abin da kike goge man keken ɗinki da shi? Abin da kike tarawa a kwando ki ba masu cusa matashi?

Kin fi kowa sanin yadda aka samo sunan yaron nan. Ni da babansa muka yi ta ja a kansa tun ciki bai fito ba. Ya kawo wannan in ƙi, in kawo wancan ya ce ya yi kama da sunan maganin tari. Ranar da muka daidaita, da biro ya rubuta mini shi a tafin hannu wai don kada in canza ra'ayi kafin gari ya waye. Bai rayu ya kira shi ko sau ɗaya ba. Ni kuma na taho neman abin da zan riƙe shi da shi, ban bar masa gida ba, ban bar masa nono ba. Sunan nan ne kaɗai abin da ke jikinsa wanda ya fito daga ni da ubansa.

A nan, abin da shugabarmu ta fara koya mana ranar da aka ɗauke mu shi ne a kira kowane tsoho da cikakken sunansa. Akwai wani a ɗakin ƙarshe, ya manta 'ya'yansa, ya manta amfanin cokali, amma kina ambatar sunansa zai gyara zama. Ni kuwa nawa sunan, mutanen nan sun gutsure shi, sun bar rabin da harshensu ke iya ɗauka. Tun da na zo ban ji shi daidai a bakin kowa ba, kuma na san yadda hakan ke ci a rai.

Kada ki ce mini wasa ne. Da wasa kika sa mini Tsigi ina rarrafe, ya bi ni makaranta, ya bi ni gidan miji. Ba za ki maimaita a kan ɗana ba. Ki tara yaranki ki gaya musu yana da suna.

Ƙanwarki, uwar yaron.

* * *

Tsigi,

Takardarki ta iso. Na karanta ta a tsaye, na sake karanta ta a zaune, sannan na danne ta da almakashi, ko da yake da nauyin da ke cikinta ba iskar da za ta iya ɗaga ta.

Muna lafiya. Baya yana nan yadda kika san shi. Injiniya har yanzu yana gyaran fankar nan da ya kwance tun kina nan, muna ta addu'a. Yaronki ya fitar da haƙora biyu, kuma a kafaɗata ya gwada su. Ki riƙa ɗora ƙafar nan a kan matashi in kin tashi aiki.

Yanzu zauna ki ji, tunda ke kin yanke hukunci ba ki ji ba. Da kika tafi, yaron nan ya ƙi gado, ya ƙi tabarma, ya ƙi hannun kowa. Ga ɗinkin mutane jibge a kan tebur. Wata rana na gaji, na ɗauke shi na ajiye a kwandon ƙyallaye da ke ƙarƙashin keke don in ƙarasa wuyan wata riga. Ina fara taka keke ya yi shiru. Na leƙa, barci yake yi, ya dunƙule wani guntun yadi a hannu. Tun daga nan kwandon ya zama nasa.

Sai wata mata ta zo karɓar ɗinkinta, irin masu cewa a ba su ragowar yadinsu ko da faɗin yatsa ne. Na ce ta duba kwando. Ta zura hannu, ta yi tsalle har ta ture kujera, tana cewa, “Wayyo, wannan ƙyallen naki numfashi yake yi!” Shago ya ɗauki dariya, shi ma ya farka yana ɓangale baki. Kin ji asalin abin. Ba wanda ya zauna ya zaɓa masa, faɗowa sunan ya yi ya same shi a kwance.

Sunanku kuwa, Allah ya jiƙan wanda ya zaɓa, kyakkyawa ne, ba wanda ya ce ba haka ba. Amma ki tuna a shagon ɗinki yake rarrafe. Kafin in kai ƙarshen sunan ya kai hannu kan allura. Auta ta gwada faɗarsa, ta tsaya a tsakiya ta huta. Yana nan a katinsa na asibiti, ba wanda ya goge shi, zai tarar da abinsa in ya girma.

Kuma ki daina raina ƙyalle. Ni da nake sana'ar ban taɓa zubar da ko ɗaya ba, kin sha ganina ina tsintar su a ƙasa ina karkaɗewa. Ke ma Tsigin da kike ƙorafi, don kin kasance 'yar mitsitsiya mai bakin tsiya aka sa miki, kuma ga shi har yau ba ki ƙaryata mu ba.

Ki kwantar da hankalinki ki yi aikinki. Ya daina neman ki da ido in an buɗe ƙofa. Ya saba, ya zama ɗan gida.

Yayarki.

* * *

Yaya,

Ina gaisuwa. Ki shafa mini kan yaro. Kumburin ƙafa ya sauka, na gode da shawara.

Labarin kwando na ji shi, har na kusa yin murmushi, sai na kai ƙarshen takardar. “Ya daina neman ki.” A ɗakin canza kaya na karanta wannan layi. Na zauna a kan benci har aka aiko a duba ko suma na yi, ga tsofaffi suna jiran a ba su abinci.

Albishir kike yi mini ko gori? Kin raba shi da sunansa, yanzu kina sanar da ni cewa kin raba shi da ni. Me ya rage, ki ce ke kika haife shi? 'Ya'ya huɗu Allah ya ba ki, duk kin laƙaba musu abin da kika ga dama, ban taɓa sa miki baki ba. Ni ɗaya tal gare ni. Amana na ba ki, Yaya, ban ba ki kyauta ba.

Kin ce zai tarar da sunansa in ya girma. Ni ma haka aka ce, ga ni nan na girma, kuma kin ga da abin da kika buɗe takardarki. Yaro abin da ya ji a kunne shi ne shi. In ya kai shekarun makaranta yana amsa Ƙyalle, 'yan ajinsu ba za su tsaya jin labarin kwando ba, tsokana za su yi ta yi har ya tsani safiya. Ke lokacin kina shago kina dariya.

Ba roƙo nake yi ba wannan karon. Daga ranar da takardar nan ta same ki, cikakken sunansa za a riƙa kira, ke da Injiniya da yara, har masu kawo ɗinki. In ya yi wa Auta tsawo ta riƙa hutawa a tsakiya, ba wanda ke korar ta.

Uwarsa, wadda ta haife shi.

* * *

Tsigi,

Muna lafiya, tunda dole a fara da haka. Yaro ya fara kama ƙafar keke yana miƙewa.

Gori? Ni zan yi miki gori? Wallahi da kina kusa da sai na ja miki kunne kamar dā. Na rubuta miki ya daina neman ki ne don ki samu ki runtsa ido a can, ke kuma kika ɗauke ta a matsayin wuƙa. To ga gaskiyar da na ɓoye miki. Yaron nan ya yi kuka bayan tafiyarki har muryarsa ta dishe. Ana taɓa ƙofa zai juya, ya ga ba ke ba ce, ya dasa sabo. Goye da shi nake taka keke, da wannan bayan nawa da kike tambayar lafiyarsa a layin farko. Mata biyu sun kwashe yadinsu sun kai wani shago saboda na ɓata musu lokaci. Da na rubuta miki wannan tun farko, da kin ce ban iya riƙo ba. Na rubuta ya yi shiru, kin ce sata na yi. Ki gaya mini wanne kike so in riƙa rubutawa.

Tunda doka kika kafa, bari in ba ki labarin amfanin dogon sunan naki. Na kai shi allurar rigakafi ta wata tara. Na fita da sassafe, na miƙa kati, na samu benci na zauna. Na tafi da rigunan da zan sa wa maɓalli don kada zaman ya tafi a banza. Ma'aikaciyar tana fitowa tana kiran suna, uwa ta tashi da ɗanta ta shiga. Can ta kira wani suna, shiru. Ta sake kira, shiru. Ta kira na uku da ƙarfi, har na juya na ce wa matar da ke kusa da ni, “Wasu matan ba su da kan gado, su ajiye kati su tafi yawo.” Ta ce ai kuwa.

Benci ya watse, saura ni kaɗai. Ma'aikaciyar ta fito da kati ɗaya a hannu, ta dube ni, ta dubi yaro, ta ce, “Baiwar Allah, ba ke nake ta kira tun ɗazu ba?” Maganin da suka buɗe na ranar ya ƙare, ta ce in dawo wani mako. Da na ba Injiniya labari ya yi dariya har ya ƙware da ruwa.

To kin ji. Sunan da wadda ke goyon yaro ba ta gane shi ba, shi jaririn ne zai gane? Da Ƙyalle ta kira, da kafin ta rufe baki mun shige.

Yayarki, wadda aka ba amana ba kyauta ba.

* * *

Yaya,

Ina fata kuna lafiya, kuma da gaske nake faɗa, don tun da na karanta takardarki ban samu natsuwa ba.

Wannan ne kika ba ni a matsayin abin dariya? Kin san allurar mece ce ta wata tara? Ta ƙyanda ce. Yaro yana kwance a shagon da mata ke shigowa da 'ya'yansu masu tari da majina daga safe har yamma, kowa ya zura hannu a kwando ya ja masa kumatu, ke kuma kin dawo da shi ba allura kina ba mijinki labari yana ƙwarewa.

Kuma har kin samu bakin ɗora wa suna laifi. Sunan bai yi komai ba. Bakin da ya ƙi faɗarsa wata da watanni, har kunne ya manta shi, shi ne mai laifi. Da kin kira shi ko sau ɗaya a rana lokacin wanka, da kin miƙe tun kiran farko. Kin zagi kanki a gaban baƙuwa ba ki sani ba, wai wasu matan ba su da kan gado. Ai gaskiya kika faɗa.

Na ji wahalar da kika sha da shi, kuma ban raina ba. Na yi kuka da na karanta. Amma wahala ba ta sayen ɗa.

Ki ajiye maɓallai ki mayar da shi asibiti. Sannan ki saurara da kyau. Gwaggonsa, ƙanwar babansa, ta nemi in ba ta shi tun kafin in taho, na ce a'a, hannun yayata ya fi mini. In na sake jin Ƙyalle, a waya ko a takarda ko a bakin wani, zan rubuta mata ta zo ta ɗauke shi. Ita dai ta san sunan, don a gabanta ɗan'uwanta ya faɗe shi.

Ƙanwarki.

* * *

Yaya,

Lafiya kuwa? Na jira amsa har na gaji. Na kira wayarki, a kashe. Na kira ta Injiniya, tana shiga ba ya ɗauka. Kullum na tashi aiki sai na leƙa akwatin wasiƙu, har mai gadin ya fara girgiza mini kai tun daga nesa.

In fushi kike yi, ki yi, kina da hanyoyi da yawa na rama mini. Amma ba da shiru a kan yaro ba. Jiya na zuba wa wata tsohuwa shayi a kan zanin gado, aka kira ni ofis. Layi ɗaya ya ishe ni. An yi masa allurar ko ba a yi ba?

Ƙanwarki.

* * *

Tsigi,

Yana raye, kuma ya fara cin abinci. Na sa wannan a farko don kada ki faɗi kafin ki kai ƙasa. Mu ma muna nan, da sauran ƙarfinmu.

Ƙyanda ce ta kama shi. Jiya aka sallame mu daga asibiti, shi ya sa kika ji shiru. Ni na hana Injiniya ɗaga wayarki, don ban san abin da zan ce a gaya miki ba, kuma ba na son ki ji rabin magana kina can ba mai riƙe ki.

Na koma wurin allurar kamar yadda aka ce, aka ce magani bai iso ba. Na ce zan sake komawa, sai ɗinkin kayan 'yan makaranta ya rufe ni, na ce gobe, na ce jibi. Wannan laifina ne, na ɗauka, ba sai kin wahalar da biro wajen ɗora mini ba. Na faɗa wa kaina abin da ya fi duk wanda za ki rubuto zafi.

Amma akwai naki kason, kuma sai kin ji shi. Da takardarki ta gwaggo ta zo, na tara gidan na kafa dokarki. Na ɗaga kwandon na ɗora a kan kabad don kada ya tuna wa kowa. Duk wanda bakinsa ya suɓuce sai na harare shi. Muka koma kiran cikakken suna, safe da yamma. Kin san abin da yaron ke yi? In an kira sai ya juya ya dubi ƙofa, yana jiran ya ga baƙon da ake yi wa magana. Ya rarrafa ƙarƙashin keke ya zauna a inda kwandon yake, ya yi tsit. Har na ɗauka fushi yake yi da mu, ashe zazzaɓi ne ke shigowa. Sai da ido ya yi ja, ƙuraje suka feso a bayan kunne, sannan na ɗauke shi a guje.

A asibiti ya ƙi buɗe ido, ya ƙi karɓar komai. Likita ta ce dole ya sha ruwa, in tashe shi, in yi masa magana. Na duƙa a kansa da cokali ina kiran sunan nan, tiryan-tiryan yadda kika ce, har maƙogwarona ya bushe. Ko gezau. Likitar ta tsaya tana kallona, ta ce, “Ke kike riƙonsa?” Na ce ni ce. Ta ce, “To me kuke ce masa a gida?” Na ce an hana. Ta ce, “Wa ya hana?” Na ce uwarsa. Ta ce, “Uwarsa ba ta nan, ni kuma ban hana ba.”

Na kai baki kunnensa na ce, “Ƙyalle. Ƙyallena, tashi.” Ya buɗe ido ɗaya, wanda bai manne ba, ya dube ni, ya buɗe baki. Cokali uku ya sha. Na fita baranda na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Inna.

Saboda haka na karya dokarki, kuma na sauke kwandon. Ki rubuta wa gwaggon tasa ta zo, zan haɗa masa kayansa da hannuna. Sai dai ki gaya mata ta nemi keken ɗinki, don ba ya barci sai da ƙararsa.

Yayarki.

* * *

Yaya,

Alhamdu lillahi. Na karanta layin farko sau ba adadi kafin in iya wucewa. Sannu, sannu da jinya. Ki gaishe da Injiniya, ki ce masa ban yafe wayar da ya ƙi ɗauka ba.

Ban huce ba, kada ki ɗauka na huce. Ɗana ya kusa tafiya ina nan ina goge wa iyayen wasu baki, kuma ba wanda ya ga ya dace in sani. Wannan za mu yi maganarsa ido da ido.

Ba zan rubuta wa gwaggonsa ba. Ki kira shi da duk abin da zai sa ya buɗe baki ya ci, har ya murmure. Na ce har ya murmure. Ki kula da idon, kada ki bari ya sosa, kuma ki raba shi da masu tari.

Na nemi hutu, shugaba ta ce sai na cika wa'adina. Na yi mata magiya har na ji kunyar kaina, ba ta sauya ba. Zan zo ranar da suka sake ni.

Ƙanwarki.

* * *

Yaya,

Na iso lafiya, na koma aiki. Na gode da masauki, na gode da rigar da kika ɗinka mini, ta zauna daidai. Ina fata tarin Auta ya lafa.

Kin yi ta tambayata me ya sa na yi shiru duk zaman da na yi a gidanki, har kina taɓa goshina ko ba ni da lafiya. Na ce gajiya ce. Ƙarya na yi, kuma kin san ƙarya na yi.

Duk tsawon hanya ina maimaita sunansa a raina, yadda zan faɗe shi a hankali, da muryar da babansa ya faɗe shi. Na shigo shago da rana, kina kan keke. Na gan shi tsaye a bakin kwando, ya yi tsawo har ban yarda shi ne ba, yana tafiya da ƙafarsa, yana ta surutu. Na durƙusa na kira shi. Ya dube ki. Na sake kira, ya matsa ya riƙe zaninki. Daga ƙarshe na faɗi wancan sunan da na rantse ba zai fito daga bakina ba. Sai ya juyo yana dariya.

Ya kalli fuskata ya daɗe. Sannan ya ɗaga kai ya dubi hotona da kika rataye a saman keke, ya nuna shi da yatsa, ya nuna ni, ya ce da ƙarfi, “Mai faɗa!”

Matan da ke shagon suka kwashe da dariya, sai da suka ga fuskata suka bari. Ƙafarki ta tsaya a kan keke. Kika ce wai shirmen yara ne, ba ki san inda ya samo ba. Auta ce ta gaya mini daga baya, muna wanke-wanke, ba tare da ta san tana tona miki asiri ba. Ta ce duk ranar da takardata ta zo, sai ki ɗaga kai ki dubi hoton ki ce, “To, mai faɗa ta aiko.” Yara suka ɗauka, shi ma ya ɗauka.

Bai san ma'anarsa ba, wannan ne ya fi ci mini rai. Da shi yake kirana in zo in ga tururuwa. Da shi yake miƙo mini cokalinsa in ci. Ranar da ya fara yarda ya yi barci a cinyata, ya shafa mini kumatu ya faɗe shi a hankali, yadda yaro ke kiran wanda yake so. Da ya faɗi ya ƙuje gwiwa kuwa, ni na fi kusa da shi, na miƙa hannu, ya wuce ni a guje yana kiran Mama, ya faɗa jikinki.

Na so in ɗaga rufin shagon nan da ihu. Abin da ya hana ni shi ne yana kallo, kuma ban so in tabbatar masa da sunan da kika ba ni. Shi ya sa na yi shiru, na yi ta murmushi har kumatuna suka yi ciwo.

Kin cuce ni, Yaya. Kin riƙe mini ɗa da bayanki mai ciwo, kin raya shi, kuma kin cuce ni, duka biyun gaskiya ne. Kalma ɗaya ce za ki nuna hoton ki faɗa masa, ba ki faɗa ba. Ni ma ban tsira ba. Na ɓata fiye da shekara ina yaƙi a kan abin da za a kira shi, ban taɓa tambayar abin da shi zai kira ni ba.

Na gaya wa shugaba ba zan sabunta wa'adi ba. Ta ce in yi tunani, aiki irin wannan ba ya samuwa sau biyu. Na ce na yi. Zan dawo in nemi abin yi a kusa, ko maɓalli ne in riƙa sa miki. Ki share mini ɗakin baya, ki ce wa Injiniya ya kwashe tarkacensa.

Ranar shiga makaranta sunansa na gaskiya za a rubuta, wannan ba ja a ciki, kuma ni zan kai shi. A gida kuwa ku kira shi Ƙyalle, na bar muku. Nawa sunan nake so, na uwa.

Kada ki koya masa. In daga bakinki ya ji, ya sake zama kyautarki, ni kuma na gaji da karɓar ɗana daga hannunki. Ki dai daina faɗin wancan in takardar nan ta iso. Sauran ni zan zo in yi da kaina, ko zai ɗauke ni shekara.

Ƙanwarki.